Ziyolayit da ragowar man suya: za a iya samun man gas daga cikinsu a Sakkwato?

Ɗaliba daga Mabera

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, kuma binciken da nake shirin farawa ya shafi mayar da man da aka gama suya da shi ya koma bayodizal, wato man da injin gas zai iya sha kamar yadda yake shan dizal na gidan mai. Hanyar da aka saba bi ita ce a haɗa man da metanol, wani sinadari dangin barasa, a zuba soda irin wadda mata ke yin sabulu da ita, a ɗumama zuwa kusan digiri 60 na tsawon awa guda, sai abin ya rabu gida biyu, bayodizal a sama, gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke fita daga man, ya kwanta a ƙasa. Sodar nan ita ce katalis, wato abin da ke gaggauta haɗuwar sinadarai biyu ba tare da shi ya shiga cikin abin da aka samu ba.

Matsalar soda ita ce tana narkewa cikin man, ba a iya tsamo ta a sake aiki da ita, kuma dole a wanke bayodizal ɗin da ruwa sau da yawa kafin ya tsarkaka. Abin da ya fi wannan muni shi ne, man da ya sha wuta yana cike da sakakken asid na kitse, kuma da zarar soda ta gamu da wannan asid sai ta yi sabulu maimakon mai. Saboda haka nake so in maye gurbinta da ziyolayit, wanda gari ne da ba ya narkewa, ana tace shi a sake amfani da shi. Niyyata ita ce in haɗa shi da hannuna daga farin yumɓun Kankara ta jihar Katsina da tokar ɓuntun shinkafar da ake zubarwa a bayan injinan casa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan fanni, da kuma waɗanda suke sana'ar suya ko gyaran inji, domin ba na so in ɓata shekara biyu a kan abin da ba zai amfani kowa a garin nan ba.

Tsohon Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah shi yi wa karatu albarka. Kafin in ba ki shawara, bari in yi wa sauran 'yan zaure bayanin abin da ake magana a kai. Ziyolayit ma'adini ne da aka gina da silikon da alminiyam da iskar oksijin, kuma gininsa kamar saƙar zuma yake, cike da ƙananan ƙofofi masu girma ɗaya. Wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Axel Cronstedt ne ya raɗa masa suna a shekarar 1756, bayan ya ga cewa idan aka gasa dutsen yana fitar da tururi kamar mai tafasa, sunan kuwa a harshen Girka yana nufin dutse mai tafasa. Akwai wanda ake haƙowa daga ƙasa, akwai kuma wanda ake haɗawa a masana'anta tun wajajen 1950, kuma yau nau'in gininsa da aka tantance ya haura 200.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Amfanin ziyolayit yana cikin ƙofofinsa, domin a can ciki ne mafi yawan wuraren da aikin ke faruwa suke. Ƙofar nau'in da ake kira A kusan nanomita 0.4 ce, ta ZSM-5 kusan 0.55, ta nau'in Y kuwa kusan 0.74, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙwayar man gyaɗa ko ta man ja tana da rassa uku dogaye na kitse da ke liƙe a jikin gilisarin, kuma girmanta ya fi ƙarfin waɗannan ƙofofi. Abin ya zama kamar a gina kasuwa mai rumfuna dubu amma a yi mata ƙofar da raƙumi da kayansa ba zai iya shiga ba, sai ciniki ya koma bakin ganuwa kawai. Shi ya sa idan kika zuba tsurar ziyolayit cikin mai da metanol a digiri 60, za ki wuni kina juyawa ba ki samu abin kirki ba. Ga shi kuma ziyolayit a ɗabi'arsa ta katalis ya fi karkata ga ɓangaren asid, alhali sauya mai zuwa bayodizal da asid ya fi na soda jinkiri nesa ba kusa ba, sai an kai zafi sama da digiri 100, wani lokaci har kusan 200. Metanol kuwa yana tafasa ne a ƙasa kaɗan da digiri 65, saboda haka dole sai da rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai jure matsi. Ki tambayi kanki tun yanzu ko ɗakin gwajinku yana da irin wannan tukunya, da kuma wutar da za ta riƙe ta awa shida ba yankewa.

Injiniyan Matatar Mai

Malam ya faɗi gaskiya, kuma ina so in ƙara daga abin da na gani a wurin aiki. Duk wanda ya yi aiki a matatar mai yana girmama ziyolayit, domin nau'in Y shi ne zuciyar sashen da ke farfasa mai mai nauyi ya koma fetur, kuma tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi a haka. ZSM-5 kuma kamfanin Mobil ne ya yi masa rajista a 1972. Amma a can ana aiki ne a zafin da ya kai digiri 500, man ya riga ya zama tururi, kuma ana ƙone dattin da ya toshe katalis ɗin a kowane zagaye ba tsayawa. Nasarar da ya samu a matata ita ce ta sa masu bincike suka ɗauka zai yi irin ta a bayodizal, alhali yanayin aikin biyu ba ɗaya ba ne.

Ƙanwata, ki lura da abu guda. An rubuta takardun bincike masu ɗimbin yawa a kan ziyolayit da bayodizal, amma har yau mafi yawan masana'antun bayodizal na duniya da katalis mai narkewa suke aiki, wato dangin soda. Ko masana'antar da aka buɗe a garin Sète na Faransa a 2006, wadda ta yi suna saboda amfani da katalis mai tauri, wato wanda ba ya narkewa, ba ziyolayit ta yi amfani da shi ba, haɗin zink da alminiyam ne, kuma a zafi da matsi masu yawa. Ba ina sare miki gwiwa ba ne. Ina so ne ki san cewa masu kuɗi da kayan aiki sun gwada wannan hanya, saboda haka abin da za ki kawo sabo dole ya fito daga abin da ke ƙasarmu wanda su ba su da shi.

Hajiya Mai Abincin Sayarwa

Assalamu alaikum. Ni ban yi karatun kimiyya ba, ɗana ne ya nuna mini wannan magana ya ce ta shafi sana'ata. Shekarata 19 ina sayar da abinci, muna suyar kifi da kaji da doya da dankali kullum, kuma jarka mai lita 25 ba ta kai mana mako. 'Yata, tambayar da zan yi miki ita ce, wane mai ne kike cewa an gama amfani da shi? A garin nan ban san mai suyar da ke zubar da mai ba. Idan ya ragu a kasko ƙara sabo ake yi a kai. Idan ya yi duhu a tace shi da rariya a bar shi ya kwanta, na saman ya koma wuta. Wanda ya sha kifi ya shiga miya ko a zuba a kan shinkafa da wake. Mai ƙosai da mai awara da mai fanke da ke bakin hanya a Runjin Sambo ko Gidan Igwai, jarinta duka bai wuce kwalba biyu ko uku na mai ba, kuma sai ta ga ƙarshensa. Ni da nake da ɗan hali, idan mai ya yi baƙi ƙwarai nakan ware shi, kuma kafin la'asar akwai wadda za ta zo ta saya da rahusa ta je ta ci gaba da suya da shi.

Saboda haka idan kina lissafin za ki samu wannan mai kyauta, ki sake lissafi. Kuɗi za ki sa, kuma za ki yi takara da matan da abincin 'ya'yansu ya dogara da shi.

Ma'aikaciyar Lafiya daga Arkilla

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika faɗi abin yadda yake, domin wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Man da aka maimaita wa wuta sau da yawa yana lalacewa, yana yin kauri da kumfa da hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, kuma sinadaran da ke taruwa a cikinsa ba alheri ba ne ga jijiyoyin jini da zuciya. Ƙasashen Turai da dama sun kafa doka cewa idan lalatattun sinadaran da ke cikin man suya suka kai kusan kashi 25 cikin 100, dole a daina dafa abinci da shi. Mu a nan wannan man da ya kamata a janye shi ne yake gangarawa zuwa ga mafi talauci, yaran makaranta su ci awarar da aka soya da shi. Ni a ganina, ko da bayodizal ɗin bai kawo riba mai yawa ba, idan ya samar da mai saye da zai biya Hajiya abin da waccan matar ke biya, ya fitar da baƙin man daga cikin abinci, an yi aikin lada.

Hajiya Mai Abincin Sayarwa

Gaskiya ne 'yar'uwa, kuma ni kaina ba na jin daɗin sayar da shi idan na tuna inda za shi. Amma ki sani, ranar da na daina sayar wa waccan baiwar Allah, ba sabon mai za ta saya ba, domin ba ta da kuɗinsa. Ko dai ta nemi wani baƙin man a wani wuri, ko ta tashi daga sana'ar. Duk wanda zai shigo wannan harka ya sa ta cikin lissafinsa.

Ɗaliba daga Mabera

Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta buɗe mini ido, domin takardun da nake karantawa daga ƙasashen da manyan gidajen abinci ke tara man a durom suke fitowa, har Turai tana sayo shi daga Sin da Malesiya da Indonesiya. An saba cewa kuɗin man da ake sarrafawa shi ne kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kuɗin yin bayodizal, kuma duk hujjar amfani da ragowar mai ta ginu ne a kan arharsa. Idan babu arha a nan, dole in faɗi haka a cikin aikina.

Baba Malam, game da ƙanƙantar ƙofofi, na karanta hanyoyi biyu da ake bi. Ta farko ita ce a jiƙa ziyolayit cikin ruwan soda mai sauƙi domin ya cinye wani ɓangare na silikon, a samu manyan ƙofofi masu faɗin nanomita 2 zuwa 50 a gefen ƙananan. Ta biyu ita ce a ɗora masa potasiyam ko kalsiyam a gasa, ya koma ɓangaren kanwa maimakon asid, ta yadda zai yi aiki a digiri 60 kamar soda. Masu wannan hanya ta biyu sukan ba da rahoton samun sama da kashi 90 cikin 100. Ita nake da niyyar bi. Mene ne ra'ayinka?

Tsohon Malamin Kimiyya

'Yata, hanyar tana aiki, amma akwai tambayar da ya wajaba ki yi wa kowace takarda da ta ba da irin wannan adadi: shin ziyolayit ne ya yi aikin, ko potasiyam ɗin da aka ɗora masa ne ya zube cikin metanol ya yi aiki irin na soda? Sau da yawa na biyun ne. Alamar ita ce zagaye na farko ya ba da sakamako mai kyau, na biyu ya ragu, kafin na huɗu ko na biyar katalis ya mutu. Idan haka ne, an sha wahalar haɗa ziyolayit ne kawai domin ya zama cokalin ɗebo potasiyam. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan. Idan aiki ya kai rabi, ki tace garin da zafinsa ki fitar da shi, ki bar ruwan ya ci gaba a kan wuta. Idan bayodizal ya ci gaba da ƙaruwa bayan babu katalis a ciki, to abin da ke aikin ya narke ne. Ki yi wannan gwaji, kuma ki rubuta abin da kika gani ko da bai yi miki daɗi ba. Sannan kada ki manta, katalis na ɓangaren kanwa, mai tauri ne ko mai narkewa, idan ya gamu da asid ɗin da ke cikin baƙin man Hajiya sabulu zai yi. Iyayenmu mata da ke yin sabulun salo da ruwan toka da mai sun san wannan haɗi tun kafin a buɗe jami'a.

Da ni ne ke, da na ba ziyolayit aikin da ya dace da halittarsa. Aiki na farko shi ne kama ruwa. Farin yumɓu irin na Kankara yana da silikon da alminiyam kusan ɗaya bisa ɗaya, daidai da abin da nau'in A ke buƙata. Ki gasa shi tsakanin digiri 600 da 800 har gininsa ya rushe, ki dafa shi cikin ruwan soda a kusan digiri 90 zuwa 100 na wasu awoyi, za ki samu nau'in A ba tare da kin ƙara komai ba. Idan kika musanya sodiyam ɗinsa da potasiyam, ƙofar za ta tsuke zuwa nanomita 0.3, wadda ruwa ke shiga amma metanol ba ya shiga. Da wannan za ki busar da metanol ɗin da kika kwato daga zagayen baya ki sake aiki da shi, kuma wannan kuɗi ne a hannu.

Aiki na biyu shi ne rage asid ɗin man kafin a kai shi ga soda. Sakakken asid na kitse reshe ɗaya ne siriri, ba uku ba, saboda haka ya fi samun hanyar shiga ƙofar nau'in Y, kuma katalis na asid yana mayar da shi bayodizal kai tsaye. A masana'anta da asid ɗin batir ake yin wannan mataki, wanda ke cin ƙarfe kuma yana da haɗari. Idan ziyolayit ɗinki ya sauko da asid ɗin man zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100, kin yi abin da za a tuna. A nan ne tokar ɓuntu za ta yi amfani, domin nau'in Y yana son silikon fiye da abin da yumɓu ke da shi, tokar kuwa kusan kashi 90 cikin 100 nata silika ce, wato haɗin silikon da oksijin. Sai dai ki ƙone ɓuntun a ƙasa da digiri 700, domin idan wuta ta yi yawa silikar takan ƙanƙame ta ƙi narkewa.

Manomin Albasa daga Kware

Malamai, ku gafarce ni in shigo da tambayar manomi. Abin da ke cinye ribar noman rani shi ne man injin ban ruwa, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Idan wannan aiki ya yi nasara, zan iya zuba wannan mai a injina?

Bakaniken Injin Gas

Alhaji, idan injinka irin ƙananan nan ne da ake ɗauka a kan babur zuwa fadama, na fetur ne, kuma bayodizal ba zai tashe shi ba ko kaɗan. Kada ka gwada. Wannan mai na injin da ke kunna wuta da matsi ne, wato injin niƙa da na casar shinkafa, da tarakta, da manyan janareto, da manyan motoci.

Ni abin da zan gaya wa ɗalibarmu daga bakin aiki shi ne, inji ba ya karanta takardar bincike, abin da aka zuba masa kawai ya sani. An taɓa kawo mini injin niƙa da mai shi ya riƙa zuba masa tataccen man suya gauraye da gas, ba tare da an sarrafa shi ba. Ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya nozul ya toshe da baƙin gawayi, zoben fistan ya kama, man injin ya yi kauri kamar kunu. Dalili shi ne kaurin man girki ya ninka na gas kusan sau goma, ba ya feshi yadda ya kamata. Idan aka sarrafa shi rabi da rabi, wannan matsala ce za ta dawo, sai dai a hankali. Idan kuma garin ziyolayit ya tsallake mataci ya shiga famfon mai, zai ci shi kamar yashi, kuma famfon ya fi komai tsada a jikin injin.

Ko bayodizal mai kyau yana da halinsa. Yana wanke dattin da ya daɗe a tanki, saboda haka filta za ta toshe a makonnin farko, a tanadi wata. Yana cin tiyon roba irin na da. Ƙarfinsa ya gaza na gas da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin 100 a kowace lita. Wanda aka yi da man ja yana fara daskarewa idan sanyi ya sauko wajajen digiri 15, kuma daren hunturu a nan yakan kai haka. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, idan ya daɗe a ajiye yana lalacewa. Shawarata ita ce a fara da gauraye, kashi 20 bayodizal kashi 80 gas, wanda ake kira B20, kuma shi ne abin da manufar gwamnatin tarayya ta 2007 kan man tsirrai ta ambata.

Mai Sayar da Sinadaran Sabulu

Ni a kasuwa nake, ina sayar wa mata soda da turare da kala. Kowa yana maganar katalis, amma ba wanda ya tsaya a kan metanol, alhali shi ne abin da za a riƙa saye kullum. A hanyar soda, kowace lita ta mai tana cin kusan milimita 200 na metanol. A hanyar katalis mai tauri ana zuba ninki biyu ko fiye, domin a tura aikin gaba. Metanol ba a yin sa a Sakkwato, daga Legas ko Kano yake zuwa, kuma kuɗin mota yana kansa. Wanda bai tanadi hanyar kwato ragowarsa ta tururi ba, asara zai yi ko da katalis ɗinsa kyauta ne.

Sannan guba ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, yana kuma kisa, kuma yana shiga jiki ta numfashi da fata. Mutanen da suka mutu a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan shan barasar gargajiya, metanol ne ya kashe su. Wutarsa ma da rana ba a cika ganinta ba. Ina roƙon kada wani ya karanta wannan zaure ya je ya ɗora tukunya a tsakar gida inda yara ke wasa.

Injiniyan Matatar Mai

Gyara kaɗan ga ɗan'uwa mai sinadarai, mililita 200 yake nufi, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, kuma sauran maganarsa daidai ce.

Malam, a nan zan ɗan saɓa maka cikin ladabi. Ka ba ziyolayit matakin farko, ka bar wa soda mataki na biyu, wato har yanzu ana wanki da ruwa ana zubar da katalis. Me zai hana a duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu? Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, idan aka gasa shi a kusan digiri 900 yana komawa kalsiyam oksayid, kuma wannan yana cikin katalis masu tauri da aka fi gwadawa a bayodizal, yana aiki a digiri 60 zuwa 65 ba tare da tukunyar matsi ba. Ɓawon ƙwai da masu shayi ke zubarwa kowace safiya ma abu ɗaya yake bayarwa. Kankara tana da nisa, hanyar kuma kowa ya san halin da take ciki, dutsen nan kuwa yana bayan gari. Ina ganin ɗalibarmu ta sa shi a matsayin ma'auni, duk abin da ziyolayit ɗinta ya yi a gwada shi da abin da wannan dutse mai arha ya yi a kan mai iri ɗaya.

Tsohon Malamin Kimiyya

Injiniya, na karɓi wannan gyara, kuma ma'aunin da ka kawo ya dace. Sai dai a san halinsa. Kalsiyam oksayid yana shan ruwa da iskar kabon daga sarari, idan aka bar shi a buɗe na ɗan lokaci ƙarfinsa ya tafi, dole a rufe shi tun yana fitowa daga wuta. Shi ma yana zuba cikin man, musamman idan gilisarin ya fara taruwa, kuma ƙa'idar Turai ta EN 14214 ba ta yarda kalsiyam da magniziyam su wuce miligiram 5 a kilo ba, kamar yadda ta nemi tsarkin bayodizal ya kai kashi 96.5 cikin 100. Saboda haka shi ma a yi masa gwajin tacewa da zafi. Kuma bai kawar da buƙatar matakin farko ba, domin baƙin mai zai mayar da shi sabulun kalsiyam. Ni har yanzu a kan ra'ayina nake, cewa ziyolayit ya share hanya, wani ya ƙarasa.

'Yata, abu ɗaya kuma. Kada ki kira garin da kika dafa ziyolayit sai na'urar hasken eksire ta tabbatar da gininsa, domin yumɓunmu yana zuwa da yashi, kuma idan soda ko lokaci ya yi yawa wani ma'adini daban mai toshashshiyar ƙofa kike samu. Ki tuntuɓi Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki kuma nemi ayyukan da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan yumɓun Kankara, domin sun daɗe suna aiki da shi.

Ɗaliba daga Mabera

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na sake tsara aikin, kuma gobe zan kai wa malamin da ke duba ni. Zan fara da man kansa, ba da katalis ba. Zan karɓi samfuri daga wurare daban-daban, na mai kifi, na mai ƙosai, na mai awara, na gidan abinci, in auna asid da ruwan da ke cikin kowanne, in kuma rubuta nawa ake sayar da shi da wanda ke saye. Daga nan in haɗa nau'in A domin busar da metanol, in gwada nau'in Y a kan rage asid, sannan in kwatanta soda da gasasshen dutsen Kalambaina a mataki na biyu. Kowane katalis mai tauri zan maimaita shi aƙalla sau biyar, in gasa shi a digiri 500 zuwa 550 tsakanin zagaye idan ya toshe, in rubuta wutar da gashin ya ci. Gilisarin da zai fito, wanda yake kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin man, zan duba ko masu sabulu za su iya amfani da shi bayan an raba shi da metanol.

Yaya bakanike, idan na samu lita biyar da ta cika ƙa'ida, ina fatan za ka taimaka mini mu gwada B20 a kan injin niƙa. Hajiya, idan ba damuwa, zan so in fara da naki man.

Bakaniken Injin Gas

Akwai tsohon inji mai silinda ɗaya a garejina da ba a aiki da shi, za mu sa masa sabuwar filta da tiyo, mu buɗe nozul kafin gwaji da bayansa domin ki ɗauki hoto.

Hajiya Mai Abincin Sayarwa

Ki zo ranar Asabar da hantsi, bayan mun sauke suyar safe, ki taho da kwalabe masu murfi guda uku. Zan ware miki na kifi daban, na kaji daban, da wanda ya kwana uku a kasko. Matar da ke sayen baƙin man tana zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, zan gaya mata ta ɗan jira, domin ki ji daga bakinta nawa take saye da abin da take samu a kai.